Mai Kallon Kifi da Mai Kamun Kifi

A tsibiran ƙasashe masu zafi, inda ruwan teku ya ke garau kamar ruwan da ya kwana a randa, akwai wani wasa da baƙi su ke so ƙwarai. Mutum ya kan biya kuɗin jirgin sama da na masauki, ya shiga kwalekwale, a kai shi inda kifi ya taru. Sa'an nan ya ɗaura gilashi a fuska, ya kama bututu da baki, ya kwanta rub da ciki a bisa ruwa yana duban abin da ke ƙasa. Ba taru a hannunsa, ba ƙugiya, ba mashi. In ya gaji sai ya hau tudu hannu wofi, ya sayi abinci da kuɗinsa, yana murna kamar wanda ya yi babban kamu. Bari mu kira abin nan iyon kallo.

In aka ba da wannan labari a dandali a Rurum Tsohon Gari, ko a bakin ruwan Tiga inda masunta ke gyaran taru, lalle za a yi dariya. Wani zai ce, “Aikin wanda ya ƙoshi ke nan.” Mu ma muna iya taya shi dariya. Amma bayan dariyar akwai tambaya mai nauyi, wadda ta shafe mu ko da shi ke tsakaninmu da teku kusan kilomita 1,000 ne. Ga ta: halittar da ba ta shiga tukunyarmu ba, tana da daraja? Wanda ya gan ta kuwa, mene ne ya hau wuyansa?

Yadda a ke yinsa

Kayan wasan uku ne. Na fari gilashin fuska, mai bakin roba, wanda ya ke rufe ido da hanci. Idon mutum an yi shi domin gani a cikin iska. In ruwa ya taɓa ƙwayar ido, kome ya kan zama dishi-dishi, kamar yadda kowane yaro da ya taɓa nutso ya sani. Gilashin yana tsare 'yar iska a gaban ido, sai gani ya komo, har abin da a ke duba ya kan ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku.

Na biyu bututun numfashi, wanda bai kai kamu ɗaya ba. Ƙarshensa ɗaya yana baki, ɗayan yana sama da ruwa. Ba a yinsa da tsawo, gama in mutum ya nutsa ko da mita ɗaya ne, nauyin ruwa ya kan danne ƙirjinsa har ya kāsa jawo iska daga sama. Na uku takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Da waɗannan mutum ya kan daɗe a bisa ruwa ba tare da ɗaga kai ba.

Abin da su ke gani

Mun san murjani a wuyan amarya. Wannan ja ne, akasarinsa daga Bahar Rum. Yana da 'yan'uwa a ruwan zafi waɗanda su ke gina tuddai a gewayen tsibirai. Murjani dabba ne, ko da shi ke ya yi kama da dutse ko itace. Ƙananan halittu ne dubu dubbai, kowace tana gina wa kanta ɗaki da farar ƙasa, 'ya'ya suna gini a bisa ɗakunan iyaye. Waɗansu irinsa ba su ƙaruwa fiye da santimita ɗaya a shekara. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka wadda ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta ciyad da su, ita ce kuma ta ke ba su launi. Domin haka murjani yana bukatar ruwa mai tsabta, mai ɗumi, marar zurfi. Gaɓar tekunmu ta Nijeriya ba ta da irin tuddan nan, domin laka da ruwan daɗi da Kogin Kwara da sauran koguna ke kwararawa cikinta.

Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma masana sun ƙiyasta kusan rubu'in ire-iren halittun teku suna rayuwa a wurin. Akwai kifi mai baki kamar na aku, wanda ya ke gurgurar murjani, ya niƙa shi a ciki, ya fitar da shi farin yashi. Akwai wani ƙaramin kifi mai wurin zama sananne, manyan kifaye su kan zo su tsaya masa, ya shiga har cikin bakinsu yana tsince ƙwari, ba mai haɗiye shi. Makiyayi zai gane wannan nan da nan, gama aikin carki ne a bayan sa. Akwai kunkurun teku da ke kiwo a ciyawar ƙasan ruwa kamar tunkiya a fadama.

Hausawan dā da suka yi tafiyar ƙasa zuwa gabas, suka shiga jirgin ruwa a Sawakin suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda, a bisa irin wannan duniya suka ratsa. Tsofaffin gidajen garuruwan nan biyu ma da dutsen murjani aka gina su. Matafiyi yana iya kwana a ɗakin da ƙananan halittun nan suka yi tubalinsa, ya tashi ya wuce bai taɓa ganin ko ɗaya da rai ba.

Maganar mai dariya

Kada mu yi saurin raina mai dariyar nan, gama maganarsa tana da ƙarfi. Zai ce, “Gani ba ci ba ne. Ina da mata da 'ya'ya. Kifi a gare ni kuɗin makaranta ne, kuɗin magani ne, miyar dare ce. Kuɗin da baƙon nan ya kashe a mako ɗaya domin kallo, ya isa ya ciyad da gidana watanni. Yaya za a ce mani shi ne mai hikima?”

Ba mu ce kamun kifi laifi ba ne. Su sana'a ce mai daraja, kifi kuwa abinci ne mai kyau, yara da yawa a ƙasarmu suna bukatarsa fiye da yadda su ke samu. Wanda cikinsa ya cika ba shi da iko ya tsaya a tudu yana zargin wanda ya kwana a kwalekwale. Mun yarda da wannan duka. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce darajar kifi tana farawa ne sa'ad da ya shiga taru.

Mu ma masu kallo ne

Ku duba fa. Manomi ya kan fita da yamma ya kewaya gonarsa sa'ad da dawa ta fid da kai, ba lauje a hannunsa, ya komo zuciyarsa fari fat. Mutane su kan bar ayyukansu su tsaya a rana domin ganin dawaki ranar hawa, ba wanda ya koma gida da doki. Ashe mun riga mun sani akwai ƙoshin da ba ta ciki ya ke bi ba. Kallo yana da wani hali kuma wanda ci ba shi da shi. Kifin da mutum ɗaya ya ci ya ƙare. Kifin da mutum dubu suka kalla yana nan, gobe ma wani ya gan shi.

Bambancinmu da mai iyon kallo ɗaya ne. Shi yana ganin kifi a gidansa, yana kiwo, yana tsaron 'ya'yansa. Mu kuwa ba mu haɗuwa da kifi sai ya mutu, ko a tire, ko a cikin man soya. Saboda haka mu kan ɗauka nama ne kawai mai ƙaya. Alhali kifayen ruwanmu suna da al'ajabi wanda bai kāsa na tsibirai ba. Akwai karfasa wadda uwar ta kan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki, ta yi kwanaki ba ta ci kome ba, bayan ƙyanƙyasa ma in haɗari ya taso 'ya'yan su kan ruga su koma bakinta. Bargi ya kan share wuri a cikin ciyawa da damina, ya yi sheƙa kewayayyiya, ya tsaya yana gadi. Gaiwa, in fadama ta ƙafe, ta kan nutsa cikin laka ta naɗe jikinta da yauƙi, tana shaƙar iska ta ƙaramin rami har ruwa ya komo. Yauni yana fid da wuta marar ƙarfi daga jikinsa, da ita ya ke gane hanya a cikin ruwa mai duhu, abin da masana ba su tabbatar ba sai a 1951.

Tun kafin a haƙa harsashin gida na fari a Rurum halittun nan suna wannan aiki, ba mai kallo, ba mai yabo. Ba mu muka yi su ba, ba mu muka koya masu ba. Mai iyon kallo, ko ya sani ko bai sani ba, ya je ya tsaya a gaban aikin Mahalicci da hannu a naɗe. Wannan ba wauta ba ce.

Abin da ido bai gani ba

Ga inda maganar ta zo ƙofar gidanmu. An gina Madatsar Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ya mamaye murabba'in kilomita wajen 178. Ya cinye gonaki da matsugunai, aka ta da mutane, ya kuma kawo noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ya kawo kifi kusa da mu. Amma ruwanmu ba garau ya ke ba. Abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa ɓoyayye ne, abin da ya ɓoyu kuwa mutum ya kan ɓata shi ba kunya.

In wani ya shiga gona ya sassare dawa tun tana ɗanya, gari duka zai tashi masa. In wani ya yanka tunkiya mai ciki da 'yan raguna a rana ɗaya, za a ce ya haukace. Amma irin wannan a ke yi a ruwa. Tun zamanin kakanni a kan daka majimfa a zuba a kududdufi kifi ya taso a buge. Daga baya, a kogunan Nijeriya da yawa, aka koma ga maganin ƙwari irin su Gammalin 20, wanda ba ya zaɓe. Yana kashe babba da ƙarami, ya kashe kwaɗo da kaguwa, dafin kuma ya bi naman har cikin mai ci. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba da nakiya da wutar lantarki. A 2009 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a daina yin dafin da ke cikin Gammalin domin aikin gona. A wurare da yawa na Afirka kuma an mai da gidan sauro taru, yana tace 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, yaron da aka ba gidan sauron kuwa yana kwana a fili.

Mai yin haka sau da yawa ba mugu ba ne, a gida ma mai tausayi ne. Abin da ya gani kwando cike. Da a ce ruwan zai yi garau na sa'a ɗaya, ya ga ƙasan kogi shimfiɗe da gawar abin da bai ɗauka ba, da hannunsa ya yi sanyi. Gani ya kori ji, gani kuma shi ke haifar kunya.

Mai kallo ma ba a wanke ya ke ba

To, kada wani ya ce mun wanke mai iyon kallo tas. A ƙasar Tailan akwai wani lungun teku mai suna Maya, a tsibirin Fi Fi Le. Bayan an nuna shi a wani sinima a 2000, sai baƙi suka yi ta tururuwa, har wajen mutum 5,000 a rana. Ba su kama kifi ba, kallo kaɗai suka zo yi. Amma jiragensu da ƙafafunsu suka farfasa murjani, kifaye suka watse. Tilas hukuma ta rufe wurin a watan Yuni 2018, ba a buɗe ba sai Janairu 2022, da sharaɗin jirgi ba ya shiga lungun, mutum kuma ba ya iyo a ciki. A shekarun hutun nan kifayen shak suka komo suna haihuwa a wurin. Taku ɗaya yana karya reshen murjanin da ya yi shekaru yana girma.

Akwai ɓarna kuma wadda ta fi wannan. In zafin teku ya ƙaru da digiri ɗaya bisa yadda ya saba a watanni mafi zafi, ya yi makonni a haka, murjani ya kan kori gansakukar da ke ciyad da shi, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Wannan ya faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, ya sake farawa a 2023. Hayaƙin mai da gawayi ne ke ɗumama duniya, jirgin saman da ya kawo mai kallo kuwa yana cikin masu fid da shi. Ashe ƙaunar abu ba ta hana mutum kashe shi. Gani kaɗai ba kirki ba ne. Gani bashi ne, wanda ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski.

Waɗanda suka biya bashin

A ƙaramin tsibirin Apo na ƙasar Filifin, kifi ya ragu ƙwarai saboda su da nakiya da sauran hanyoyi masu ɓarna. Wani masani, Dokta Angel Alcala na Jami'ar Silliman, ya yi ta magana da masuntan har suka yarda a 1982 su keɓe wani ɗan yanki na ruwansu, ba mai jefa taru a ciki, su ne kuma masu gadi. Kifi ya yi yawa a keɓaɓɓen wurin, ya malalo waje, kamun masunta ya ƙaru, baƙi kuma suka fara zuwa suna biyan kuɗin kallo. A Zanzibar gwamnati ta keɓe tudun murjanin tsibirin Chumbe a 1994. Waɗanda dā masunta ne aka koya masu aikin gadi, a kan kuma kai 'yan makaranta su ɗaura gilashi su ga abin da ke ƙarƙashin tekun ƙasarsu.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. A Argungu, inda a ke bikin kamun kifi tun 1934, al'ada ta hana su a wani yanki na Kogin Matan Fada sai ranar biki, Sarkin Ruwa ne mai tsaronsa. Manyan giwan ruwan da a ke fitarwa ran nan ana tafi, haƙurin sauran kwanakin shekara ne ya girmad da su.

Amma a lura da abu ɗaya. A Apo masunta da kansu suka yarda, su ne kuma suka ci moriya. In aka kori matalaucin masunci daga ruwan kakanninsa domin baƙo ya sami abin kallo, kuɗin kuwa ya tafi aljihun wani a birni, an gyara zalunci ɗaya da wani zalunci ke nan. Wanda aka ce ya ɗaga tarunsa, wajibi ne a san abin da 'ya'yansa za su ci a watannin hutu.

Namu gilashin

Ba muna cewa a sayi bututu a tura yara cikin Tiga ba. Ruwan yana da zurfi, ba a ganin kome a ciki, ruwa kwantacce kuma gidan tsargiya ne. Amma muna da gilashi irin namu. Tsofaffin masunta sun san watan da bargi ke sheƙa, da lungun da karfasa ke zuba ƙwai, da sunan kowane kifi da halinsa. Sun gani da idon shekaru abin da baƙo ke gani da idon gilashi. Ya kamata malaman makaranta su kira su su yi wa yara bayani, tun ba a binne sanin nan tare da su ba. Yaron da ya san karfasa tana riƙe 'ya'yanta a baki, da wuya ya girma ya zuba guba a ruwa.

Mu masu saye kuma muna da hannu a ciki. In uwargida ta ƙi sayen 'ya'yan kifi waɗanda aka tace da gidan sauro, in maigida ya tambayi mai tire yadda aka kama, kasuwa za ta ji. In masunta da masu unguwa suka zauna suka keɓe lungu ɗaya, ko suka ɗaga taru a makonnin da kifi ke zuba ƙwai da damina, bari mu goyi bayansu, mu kuma taimaki gidajen da hutun zai matsa wa.

Ya ku masu karatu, yanzu kun ji labarin murjani da gaiwa da bargi, watau kun leƙa ƙarƙashin ruwa ke nan ko ba ku jiƙe ba. Ba sauran wanda zai ce bai sani ba. Mu ci kifi da godiya, mu bar wa ruwa irinsa, domin jikokinmu su tarad da abin ci da abin mamaki a Tiga.